An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Harafin 囧, Lambar 6, da Makomar Baƙaƙen Hausa

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin malaman Hausa, da 'yan jarida, da dattawan da suka tashi da karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ana jin sa a majalisun Dogarawa bayan la'asar, ana jin sa a ofisoshin Samaru, ana kuma maimaita shi a gidajen rediyo duk ranar 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa ta Duniya. Wai yaran zamani sun kashe rubutun Hausa da wayar hannu. Sun cika saƙonninsu da fuskoki masu dariya da masu hawaye. Suna rubuta "6ata" a maimakon "ɓata", da "qasa" a maimakon "ƙasa". Sun ɗauki lamba sun mai da ita harafi, sun ɗauki harafi sun mai da shi hoto. Daga nan sai a girgiza kai, a yi wa harshe ta'aziyya tun yana da ransa.

Wannan hukunci ya faɗa kan wanda ba shi da laifi. Yarinyar da ta rubuta "6ata" ta fi riƙe amanar Hausa a kan ofishin da ya buga "bata" a takarda mai hatimin hukuma. Ita ta ji bambancin sautin, ta ƙi yarda ya salwanta, ta nemo masa mazauni da abin da ke hannunta. Shi kuwa ofishin ya ji bambancin, ya ga bai kai a damu da shi ba. Domin a gane yadda al'amarin yake, yana da kyau a fara leƙawa ƙasar Sin, inda aka yi irin wannan gardama a kan wani tsohon harafi, sannan a dawo gida.

Tagar da ta koma fuska

Harafin shi ne 囧, ana furta shi kamar "jiyong". Yana daga cikin tsofaffin haruffan Sinanci, domin an same shi a rubuce-rubucen da aka sassaƙa a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru a zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Asalinsa hoton taga ne, ma'anarsa kuma haske. Malamin nan Xu Shen, wanda ya kammala ƙamusunsa mai suna Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya sanya shi cikin tushen haruffa 540 da ya tsara littafin a kansu. A wani tsohon zubi na kalmar "haske", wato 朙, an ajiye wannan taga ne kusa da wata, ma'ana farin wata yana shigowa ɗaki. Da tafiya ta yi nisa harafin ya fita daga rubutun yau da kullum, ya koma kwance a cikin ƙamus, sai masu binciken tsofaffin littattafai kaɗai ke gamuwa da shi.

Sai ga matasan intanet, da farko a Taiwan, daga baya a babban yankin Sin. Suka dubi harafin da idon wanda bai san ma'anarsa ba, suka ga fuska. Murabba'in waje shi ne kai, layuka biyu da suka karkace su ne girar da ta faɗi, ƙaramin murabba'in ƙasa kuwa baki ne a sake. Fuskar mutumin da kunya ta kama, ko wanda abin duniya ya ishe shi ya rasa ta cewa. Aka yi dace kuma furucinsa ɗaya ne da wata kalma, 窘, mai nufin shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Zuwa 2008 harafin ya game ko'ina. Kamfanin kayan wasanni na Li-Ning ya buga shi a jikin takalma. A 2010 ya fito a sunan wani fim na barkwanci, a ƙarshen 2012 kuma aka saki fim ɗin Xu Zheng da aka ɗauka a Thailand, mai ɗauke da harafin a sunansa, wanda ya zama fim ɗin Sin na farko da ya tara sama da yuwan biliyan ɗaya a gidajen kallon ƙasar.

Ba shi kaɗai aka taso daga barci ba. Akwai 槑, tsohon zubin kalmar wani itace mai fure. Matasa suka lura cewa an gina shi da harafin 呆, mai nufin wauta, har sau biyu, sai suka mai da shi "wawa ninki biyu". Masu kishin harshe a can ma sun yi fushi, sun ce an wulaƙanta gadon kakanni, an ɗauki haske an mai da shi abin dariya. Amma lissafin a bayyane yake. Kafin wannan wasa, harafin 囧 baƙo ne ga mafi yawan Sinawa. Bayan wasan, ɗan makaranta ma ya san shi, kuma da yawa sun je sun bincika asalinsa, sun gano taga ce. Wasan bai binne tsohuwar ma'ana ba, domin a binne ya same ta.

Abin lura mafi muhimmanci shi ne dalilin da ya sa wasan ya yiwu. Harafin yana cikin tsarin Unicode, wato babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa a kwamfuta, kuma duk wanda ya buga furucinsa a waya ko kwamfuta zai ga ya fito masa cikin jerin zaɓi. Yana kusa da yatsa. Haka aka yi da harafin ツ na Japan, wanda ya zama fuskar mai ɗage kafaɗa, da harafin ಠ na harshen Kannada a kudancin Indiya, wanda ya zama idon mai harara, da ت ta Larabci, wadda ɗigonta biyu suka zama idanu, lanƙwasarta ta zama murmushi. Harafin da yatsa ke iya kaiwa gare shi, shi ake wasa da shi, kuma shi ke rayuwa.

Yadda 6 ta zama ɓ

Hausa tana da nata labarin irin wannan, sai dai ya zo a juye. Sinawa suna da harafi a hannu, suka ba shi sabon aiki. Matasan Hausa kuwa suna da aiki a hannu, harafin ne babu.

Sautukan ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne. Su ke raba "ƙasa" da "kasa", su ke raba "ƙarya" da "karya", su ke raba "ɗaura" da garin Daura. Kalmar "baƙi" kanta, wadda ake kiran harafi da ita, idan aka cire mata lanƙwasa sai ta koma "baki". Tun farkon rubutun boko ake fama da yadda za a nuna su. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. An gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada waƙafi a gefensa. A shekarun 1930 ne, a nan Zariya, lokacin da Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi, aka tsaya a kan baƙaƙe masu lanƙwasa da ake amfani da su yau. Da su aka raini Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da su kuma Kamfanin Gaskiya, da aka kafa a 1945, ya buga littattafan da suka karantar da Arewa. Idan akwai garin da ke da haƙƙin yin kishin waɗannan baƙaƙe, to Zariya ce.

Amma injin bugun Gaskiya daban, na'urar da ke hannun talaka daban. Tafiretar ofis ta zo daga Ingila babu ƙ a jikinta, sai mai kula ya bi da alƙalami yana ƙara lanƙwasa, marar kula ya bar ta haka nan. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da maɓallai goma sha biyu da haruffan Turai. Akwai kuma wani abin da masu ƙorafi ba sa ambata, wato kuɗi. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar harafi 160 muddin aka tsaya a kan jerin haruffan da aka gina tsarin da su. Da zarar an saka harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin, irin su ɓ ko ƙ, sai tsarin ya sauya, saƙon ya koma ɗaukar harafi 70 kacal. Ko da wayar mutum tana da harafin, rubuta Hausa daidai na iya ninka masa kuɗin saƙo. An ɗora wa lanƙwasa haraji, ba tare da kowa ya yi shela ba.

A cikin wannan ƙunci ne matasa suka yi abin da matasan Sin suka yi: suka dubi siffa. Lambar 6 tana da ciki a ƙasa da wuya mai lanƙwasa a sama, kamar ɓ sak. Sai ta zama ɓ. Harafin q ba shi da aikin yi a Hausa, kuma ya saba wakiltar ƙaf ta Larabci, sai aka ba shi aikin ƙ. Aka ajiye waƙafi a gefen d domin ɗ. Wannan dabara ta bi zamanin 2go da Facebook, ta shiga WhatsApp, ta cika littattafan da marubuta, galibi mata, ke saki shafi-shafi a waya. Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba. Matasan Larabawa da suka rasa haruffansu a waya sun mai da 3 ta zama ع, sun mai da 7 ta zama ح, saboda kamannin siffa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Wanda ya rubuta "6arawo" ya tabbatar da abu uku: kunnensa na jin sautin, ya san rubutu ya kamata ya nuna shi, kuma ya san siffar harafin da ya rasa. Wannan shaidar ilimi ce. Da jahili ne, da "barawo" zai rubuta hankalinsa kwance, kamar yadda allunan hanya ke rubuta "Kofar Doka", kamar yadda takardun shaida ke mai da Ɗanladi "Danladi", su mai da Ƙanƙara "Kankara". Waɗannan ba yara suka rubuta su ba. Manya ne masu albashi, masu kwamfuta a gabansu.

Almajirai sun riga kowa ganin fuska a harafi

Masu cewa ganin hoto a cikin harafi baƙuwar ɗabi'a ce da waya ta kawo sun manta da makarantar allo. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya yi babbaƙu kafin farfaru ya san cewa Bahaushe bai karɓi haruffan Larabci da sunayensu na Larabci kawai ba. Ya dube su, ya ga abin da suka yi kama da shi, ya raɗa musu suna.

Harafin ع idan ya zo a farkon kalma, bakinsa a buɗe, sunansa "am baki wofi". Idan ya zo a tsakiya ya rufe, ya yi kama da abin da mahayi ke zura ƙafa, sai ya zama "am likkafa". Harafin ط mai sanda a tsaye shi ne "ɗa mai hannu", wanda bakin yara ya mai da "ɗamisa hannu". Ba mai haɗewa da na gaba ita ce "ba guje". Akwai "lam jaye" da "mim jaye", akwai "jim saɓe", akwai "ha kuri" da "ta kuri". Ɗigo kuwa "ruwa" ne, shi ya sa ake cewa "ha mai ruwa" da "shin mai ruwa". Alamar da ke nuna harafi ba shi da wasali ita ce "ɗauri", kamar an ɗaure shi ya tsaya.

A duba da kyau. Matashin Taiwan ya dubi 囧 ya ga baki a sake. Almajirin Zazzau, shekaru aru-aru kafinsa, ya dubi ع ya ga baki wofi. Ido ɗaya ne, dabara ɗaya ce. Kuma malaman da suka ƙirƙiro waɗannan sunaye ba masu raina harafi ba ne, su ne mutanen da ba sa barin takarda mai rubutu a ƙasa, su ne masu ƙawata allon sauka da zayyana. Sun fahimci cewa yaro yana riƙe abin da ya ga kamanninsa, kuma harafin da aka yi wa laƙabi ya zama ɗan gida. Da wannan saba da harafi ne aka samu ƙarfin halin lanƙwasa shi ya ɗauki Hausa: aka ƙara ɗigo uku a kan ط domin sautin "ts", aka yi amfani da ɗigon imala na riwayar Warshu domin wasalin "e". Wanda ke tsoron taɓa harafi ba zai ƙirƙiri ajami ba. Da ajamin nan Nana Asma'u ta karantar da mata, da shi Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya rubuta waƙoƙinsa, da shi aka fara adana Imfiraji ta Aliyu Namangi. Da shi kuma fatake suka rubuta bashi, masu magani suka rubuta haɗi, 'yan'uwa suka aika wa juna gaisuwa.

Harafin da ya koma hoto da gaske

Idan ana neman inda aka mai da rubutu hoto har aka cutar da shi, ba a wayar yara za a duba ba. A duba aljihu.

Rubutun ajamin da ke jikin takardun naira Hausa ce tsantsa. Abin da ya ce shi ne "naira ɗari biyu", "naira ɗari biyar", "naira dubu". An sa shi ne domin miliyoyin mutanen da suka yi karatun allo ba su yi na boko ba su san abin da ke hannunsu. Amma da yawan 'yan ƙasa sun dube shi ba tare da sun iya karanta shi ba, suka ga alamar addini, kamar yadda matasan Sin suka dubi taga suka ga fuska. Bambancin shi ne can an yi dariya, nan an yi gaba. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50. A 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100 ta bikin cika shekara ɗari da haɗe ƙasar. Har kotu an je ana neman a share wanda ya rage.

Abin takaici, masu kare shi ma da yawa hoton suke karewa. Sun ɗauke shi tuta, abin da za a yi fushi idan an taɓa, alhali ba su rubuta jimla ɗaya da shi a shekara. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: duka kallon rubutun suke yi, babu mai karanta shi. Wannan ita ce mutuwar harafi ta gaskiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taɓa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami, kamfanin Triumph na Kano ya yi shekaru yana buga jaridar Alfijir da ajami. Yau ina magajinsu a waya? A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana adana tarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu da Shirin Binciken Tarihin Arewa ya tattara tun shekarun 1960. Tafiyar 'yan mintoci ce daga Dogarawa, a bi ta Kwangila. Amma tsakanin waɗannan takardu da yatsun matashin Dogarawa akwai nisan da ya fi na Zariya zuwa Sin, domin wayarsa za ta ba shi ツ cikin sauƙi, ba za ta ba shi fa mai ɗigo a ƙasa irin ta allonsa ba sai da wahala.

Kuma ba wai kayan aikin babu su ba ne. Unicode ta karɓi haruffan salon Warshu na Afirka a 2016, ta ƙara wasu na musamman domin ajamin Hausa a 2020. Akwai zubin haruffa na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka tsara a kan salon rubutun Kano, kuma kyauta ake samun sa. An gina rijiya, guga ne babu wanda ya kai unguwa.

Abin da masu ƙorafi za su ce

Za su ce, da farko, uzurin ya ƙare. Wayoyin yau, irin su Tecno da Infinix da itel da suka cika shagunan PZ a Sabon Gari, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ke ƙerawa, suna karɓar allon rubutu na Hausa, kuma Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ. WhatsApp ba ya cajin kuɗi a kan lanƙwasa. Wannan gaskiya ne. Amma wa ya gaya wa yaran? Wace makarantar firamare ce ke ɗaukar minti goma ta nuna wa ɗalibi yadda zai sa Hausa a wayar gidansu? Wane mai shago ne ke saita ta kafin ya miƙa wa mai saye? Ɗabi'ar da aka yi shekara ashirin ana ginawa saboda rashi ba za ta gushe don kawai wani kamfani a wata ƙasa ya ƙara maɓalli a ɓoye ba. Kuma mai ƙorafin da shi kansa yake rubuta "kasa" a shafinsa na Facebook yana kukan mutuwar Hausa, da wane baki zai yi wa mai "qasa" faɗa?

Za su ce, na biyu, ba duk abin da yara ke yi larura ce ta kawo shi ba. Mai rubuta "xan xo" a maimakon "zan zo" bai rasa z ba. Haka ne, wannan yayi ne, kwalliya ce irin ta ƙuruciya, kuma ba ta da gurbi a takardar jarrabawa ko a littafi. Lambar 6 ma ba ta da gurbi a can. Babu mai hankalin da zai nemi a sauya ƙa'idar rubutu saboda hirar waya. Sai dai kowane harshe mai rai yana da rigar gida da rigar fita. Bahaushe ya daɗe yana wasa da harshensa, da zaurance, da karin magana mai harshen damo, da salon magana na karya harshe, kuma babu wanda ya ce zaurancen 'yan mata ya rushe nahawu. Aikin makaranta shi ne ta koya wa yaro rigar da ta dace da kowane wuri. Idan ɗalibi ya kai jami'a bai iya rubuta ƙ ba, a tambayi shekara goma sha biyun da ya yi a aji kafin a tambayi wayarsa.

Za su ce, na uku, kuma wannan ya fi nauyi, haruffan Larabci haruffan Alƙur'ani ne, bai dace a mai da ت murmushi ba. Wannan damuwa ta cancanci girmamawa, kuma tana da iyaka bayyananna. Aya aya ce, sunan Allah da na Manzonsa (SAW) ba abin wasa ba ne, a takarda ko a waya. Amma harafi guda ba aya ba ne. Da waɗannan haruffa ake rubuta jaridun Masar da rasiɗin kasuwar Tehran da waƙoƙin soyayya na Urdu. Da su kakannin Hausawa suka rubuta farashin goro. Ɗaukar kowane harafin ajami a matsayin abin da ba a taɓawa sai da alwala shi ne ainihin abin da ya fitar da ajami daga kasuwa ya kulle shi a cikin gafaka, kuma shi ne hujjar da masu neman a cire shi daga naira suke jira. Duk wanda ya ce ajami addini ne zalla, ya sa hannu a takardar ƙararsu bai sani ba.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata masu goyon bayan yara su ma su karɓa. Wasa shi kaɗai ba ya rayar da rubutu. Harafin 囧 ya farfaɗo ne domin ya faɗo cikin rubutun da mutane fiye da biliyan ɗaya ke karantawa kullum, mai makarantu da jaridu da hukuma a bayansa. Murmushin ت ba zai koya wa kowa ajami ba. Abin da wasan ke nunawa shi ne akwai sha'awa, akwai ido mai lura da siffa, akwai yatsu masu son aiki. Sauran aikin na manya ne.

Inda ya kamata sanda ta sauka

Aikin ba mai tsada ba ne. Hukumomin da ke buga allunan hanya da sanarwar asibiti da takardun wayar da kai su rubuta Hausa da baƙaƙenta, domin allon da ya ce "Ƙofar Doka" malami ne da ba ya karɓar albashi. Hukumomin da ke ba da katin shaida su gyara na'urorinsu su karɓi sunan mutum yadda uwarsa ta raɗa masa. Malaman Hausa a firamare da sakandare su sa saita allon rubutu na waya cikin darasi, kamar yadda ake koya riƙe alƙalami. Gidajen rediyo da jaridun da ke wallafa labarai a intanet su daina sakin kanun da sai mai karatu ya yi canke tsakanin "baki" da "baƙi". Masana harshe da masana kwamfuta na Samaru, waɗanda katanga ɗaya ta kewaye su, su zauna tare su fitar da allon rubutun ajami mai sauƙi, mai fa da ƙaf irin na allo, wanda alaramma a Dogarawa zai iya aika saƙo da shi ba tare da ya nemi jikansa ba. Idan aka yi haka, lambar 6 za ta koma wurinta a lissafi da kanta, ba tare da an yi mata wa'azi ba.

Sunan Dogarawa yana tuna wa mai ji da dogaran sarki, masu jan kaya da bulala, masu tsaron ƙofa. Harshen Hausa ya samu irin waɗannan masu tsaro da yawa, kowa da bulalarsa a ɗage a kan yara. Abin da ya rasa shi ne masu buɗe ƙofar. Matasan da suka ga ɓ a cikin 6 jikokin almajiran da suka ga likkafa a cikin ع ne, kuma sun riƙe sautin da hukuma ta yar har tsawon shekara ashirin, da kuɗin katinsu. Wanda ya yi wannan ba bulala ya cancanta ba. A miƙa masa baƙaƙensa, na boko da na ajami, a inda yatsansa zai kai, sannan a ga abin da zai rubuta da su.